Babban Yatsan Rakiya

Duk wadda ta ga ɗanta yana tsotson yatsa har fatar ta fara fari tana tsagewa, to ta zauna ta ji abin da ya same ni. Na tsufa yanzu, haƙorana sun zube, amma jinyar nan tana nan a idona. Ba wani babban ciwo ba ne da farko, man kaɗe da ɗan haƙuri sun ishe shi. Mu ne muka taru muka rene shi har ya kusa raba ɗiyata da babban yatsanta na dama.

Lokacin Nasara ba su zo ƙasar nan ba, da kuɗin wuri ake ciniki. Daga Ɗan Barto aka kawo ni aure Matameye. Maigidana ƙaramin falke ne mai 'yan jakuna, yana bin ayari da kanwa zuwa Kano, in ya tafi sai a yi watanni ba a gan shi ba. Gidan daga ni sai uwarsa, wadda kowa ke ce wa Inna. Kada wani ya ɗauka Inna muguwa ce. Mace ce mai tsabta, mai kyauta, ba ta taɓa barina da yunwa ba. Sai dai in ta faɗi magana ta faɗa ke nan, ko liman ne ba zai tanƙwara ta ba.

Haihuwata ta fari mace ce, aka sa mata sunan Inna, wato Rakiya. Kun dai san yadda ake yi da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ko faɗuwa ya yi a gabanta, sai ta kau da kai wani ya ɗaga. Ni nawa ya zama goma da ashirin, don sunan ɗiyata sunan surukata ne, bakina bai isa ya furta shi ba. Inna kan ce mata Takwara, ni kuwa in ya zama dole sai in ce "yarinyar nan". Inna ke yi mata wanka, Inna ke goya ta, a gindin Inna take wuni. In ta yi kukan yunwa a miƙo mini ita, in shiga ɗaki in ba ta nono, in fito in mayar kamar wadda ta ari ludayi. Allah kuwa ya sani, son da nake yi wa yarinyar nan har tsoro yake ba ni.

Cikin bazara ta fara rarrafe, haƙora suka taso mata, sai ta kama tsotson babban yatsa. Yatsan ya jiƙe da yawu, zafi ya busar da shi, ya sake jiƙewa, ya sake bushewa, haka wuni guda. Fatar ta yi fari ta yamutse, gefen farce ya yi kaushi ya fara ɓarewa, daga nan wata 'yar tsaga ja ta buɗe a kan gaɓa. Ni na fara gani, don hannun nan take ɗora mini a ƙirji in tana shan nono. Na riƙa lakato man kaɗe ina shafa mata a ɓoye cikin ɗaki. Yana kwantar da kaushin kuwa, sai dai kafin in kai ta bakin ƙofa ta lashe abinta tas. Na so in gaya wa Inna, amma ta ina zan fara? In ce na zauna na duba yatsan 'yar fari har na ga tsaga? Da an yi shekara ana ba da labarina a bakin rijiya.

Da Inna ta gani da kanta, sai ta riƙe hannun tana juyawa.

"Takwara, me kike yi wa kanki haka? To daga yau an gama tsotso a gidan nan."

Ta jiƙa ɓawon maɗaci ta shafa mata. Yarinya ta sa a baki, ta yamutsa fuska, ta yi amai, ta yi kuka, sannan ta mayar da yatsan ta ci gaba da tsotso, don taurin kai kam ta gado shi wurin mai sunan. Bayan maɗaci aka gwada barkono. Barkono ya shiga tsagar nan, ta kuma murza ido da shi. Ina tsakar gida ina daka, ina jin ihunta a bayana, ban waiwaya ba. Geron da na daka ran nan ya sha dukan da bai yi laifinsa ba.

Ranar kasuwa sai ga Gwaggo Tabawa, ƙanwar Inna, ta zo daga Yauri, wani gari da ke kusa da mu. Gwaggo Tabawa ba ta taɓa ganin ciwon da ba ta san maganinsa ba, kuma ba ta taɓa zama ta ga ƙarshen maganin ba.

"Haba Yaya, kina zaune da tumfafiya a bayan gida kina wahala? Ki ɗiga mata nonon tumfafiya. Sau ɗaya za ta ɗanɗana, ta bari har abada."

Ni 'yar ƙauye ce, na ga abin da farin ruwan nan ke yi wa fata in ya ɗiga a kan rauni. Na sunkuyar da kai, na yi magana kamar da tabarma nake yi.

"An ce fa yana da kaifi."

Gwaggo ta tafa hannu. "Ikon Allah! Yaya, kin ji? Yau masu ɗan fari ke koya mana reno."

Suka yi dariya, Inna ta yi mini kallon da ya sa na tattara ƙoreta na bar wurin. Aka ɗiga. Kafin la'asar yatsan ya yi bororo, leɓenta ma ya tashi. Gwaggo kuwa ta ɗauki tsarabarta ta koma Yauri.

Daga nan abin ya bar wasa. Bororon ya fashe, wurin ya zama ɗanyen nama yana tsattsafo da ruwa, zazzaɓi ya shigo. Inna ta kama kazarta mai ƙwai ta kai wa malamin unguwa, ya yi rubutu aka ba yarinya. Allah ya saka wa malamin nan da alheri, don da ya ga yatsan cewa ya yi a bar ɗora masa abubuwa haka nan. Rubutun dai aka karɓa, shawarar aka baro masa a zaure. Da kasuwa ta zagayo Inna ta tarar da wani baƙon mai magani ya baje kolinsa. Ya ba ta wani baƙin ƙulli mai danƙo, ya ce a kwaɓa a lulluɓe yatsan da shi, a naɗe da tsumma, kada a kwance sai wata kasuwar. Ina rijiya aka yi ɗaurin. Na dawo na tarar da hannun ɗiyata a dunƙule cikin tsumma.

Ban taɓa ganin mako mai tsawon wannan ba. Da farko kuka take yi ba tsayawa, har muryarta ta dushe. Daga baya kukan ya koma nishi, wanda ya fi kukan tayar mini da hankali. In ta ɗora hannun a ƙirjina, zafinsa nake ji ta cikin tsumman. Ta fara kama nono tana saki. Sai kuma wari ya fara fitowa. Sau nawa ina kai yatsuna kan ƙullin tsumman nan in janye, don abin da suruka ta ɗaura, matar ɗa ba ta kwance shi. Wata safiya na kasa daurewa, na je na durƙusa a bakin ɗakin Inna.

"Inna, hannun nan fa yana wari."

"Maganin ne ke aiki," in ji ta, ba ta dube ni ba.

Amma na ga tuwonta na jiya a rufe ba ta taɓa ba. Ita ma tsoron take ji, sai dai an ce mata sai kasuwa, ita kuma ta riga ta ce to.

Da safiyar kasuwa ta kwance tsumman. Gwaggo Tabawa ta iso, tana tsaye a kanta. Ni ina nesa da tsintsiya a hannu, ina kallo ta wutsiyar ido. Yatsan ya kumbura ya zama kamar ƙaramin gauta, baƙin maganin ya bushe ya manne a kansa, inda fata ta leƙo kuma ta yi duhu. Can sai Inna ta ce mini, "Ke, ɗauko mayafinki, ki zubo gero a ƙwarya. Wurin wanzami za mu."

Wanzamin wani dattijo ne da ke zama gindin tsamiya a gefen kasuwa. Muka tarar da mutane jingim, masu aski, masu jiran ƙaho, da wata mata da ta kawo jariri a cire masa belu. Muka zauna muna jira har rana ta take. Duk macen da ta wuce sai ta leƙa ta ba da tata. Wannan ta ce kambun baka ne, waccan ta ce a nemo kashin jaki a ƙona. Rakiya tana cinyar Inna, kanta ya langaɓe, ƙuda na bin hannun. Ni ina can baya da ƙwaryar gero a gabana, kamar wadda ta rako baƙi.

Da aka zo kanmu, wanzami ya kama hannun ya latsa, ya sunsuna, ya girgiza kai.

"Karkare ne, kuma ya ci ya ƙoshi. Kun makara, Inna. Yanzu sai dai a cire shi daga gindi a ƙone bakin."

"Ba wata dabara?" in ji Inna. Ban taɓa jin muryarta ta yi rawa ba sai ran nan.

"In ya haura wuyan hannu, ba ni za ku kira ba, masu haƙa kabari za ku kira. Ina uban yarinyar?"

"Yana hanyar Kano."

"To wa ke da iko da ita?"

"Ni ce. Yi abin da ka gani."

Ya sa ƙarfe a garwashi, ya zaro wata aska daga zabira ya shiga wasawa. Gwaggo ta danne ƙafafun yarinya, ta waiwayo ta ce mini, "Ke, zaga bayan itacen nan, ba a yi a gabanki." Na tashi kuwa, don haka aka koya mini. Na yi 'yan taku, na tsaya. Abin da ke yawo a kaina shi ne, mace ba babban yatsa, da me za ta murza mazari? Da me za ta riƙe taɓarya, da me za ta ɗaura zane? Don tsotso kawai? Na waiwaya. Yarinyar ta leƙo ta kan kafaɗar Inna, ba ta ko iya kuka, ta miƙo mini hannunta mai lafiya. Wanzami ya ɗora yatsan a kan wani guntun itace.

"Rakiya!"

Ban san da wace murya na faɗa ba. Na dai ga masu sayar da daddawa sun miƙe tsaye, wani mai aski can gefe ya tsaya da rabin kai. Inna ta juyo kamar an mare ta. Kafin wani ya motsa na fizge yarinyar na rungume.

"Ɗiyata ce! Ba wanda zai yanke mata komai ban gani da idona ba."

Gwaggo ta ɗora hannu a ka tana salati. "Ta kashe mu! Tsakiyar kasuwa! Sunan surukarta, sunan 'yar fari! Yaya, wace irin ɗiya kuka ɗauko a Ɗan Barto?"

Wanzami ya dube ni, aska a hannu. "Ke yarinya, so kike ta mutu?"

"So nake a wanke shi, Baba. Tun da aka fara ciwon nan shafa mishi abu ake yi, wani kan wani. Ba wanda ya wanke. A wanke in gani, in ya mutu ka yanke."

Ya daɗe yana kallona. Na san in ya ce a ƙwace ta, za a ƙwace. Sai ya ajiye askar, ya ce wa wata mai koko ta sammana ruwan ɗumi. Na zauna a ƙasa a gaban duk jama'ar nan, na ɗora ɗiyata a cinya, abin da ban taɓa yi a gaban mutum ba. Na tsoma yatsan, ina murzawa a hankali. Baƙin nan ya jiƙa ya fara saki, ruwan ya koma kamar na marina. Da gindin yatsan ya fito, sai ga wani rami siriri ya zagaye shi, nama ya kumbura ya rufe ta kowane gefe. Wanzami ya matso, ya buɗa ramin da tsinin aska. Wani abu fari-fari na kwance a ciki.

"Zare ne. Wa ya ɗaura wannan?"

Inna ta ce, "Ni ce. Na ɗaure gindin ne kafin in sa magani, don kada ciwon ya haura." Ta dubi tsumman da ke hannunta. "Na ɗauka ya fita tare da wannan."

Ya sa tsinin aska ya tsinke zaren, ya zaro shi, sannan ya tsaga gefen farce mugunya ta fito. Rakiya ta ƙwala wata irin ƙara da rabona da jin irinta tun farkon ɗaurin. Wallahi daɗi na ji.

"Kada ki yi murna tukuna," in ji shi. "Ban ce ya tsira ba. Ki dafa bagaruwa, in ta huce ki riƙa wanke shi safe da yamma, ki tsane shi sarai, ki shafa man kaɗe. Ban da ɗauri, ban da maganin kowa. Kasuwa mai zuwa ki kawo ta. In jini bai komo ba zan yanke, kuma ke za ki riƙe mini ita, tunda kin ce taki ce."

Na ce na yarda.

Muka komo gida. Inna ta shiga ɗakinta ta saki asabari. Ni kuma tunda kunyar ta riga ta zube, ban tsaya tsintar ta ba. Na goya ɗiyata da rana tsaka na tafi rijiya. Mata suna zunɗe, wata ta ce, "A ba marar kunya hanya." Na wuce na ja ruwana.

Wahalar ita ce, da zazzaɓin ya ɗan sauka sai ta koma neman yatsan da baki. Ɗauri an hana, ɗaci kuwa ko sunansa ba na son ji. Sai na riƙa riƙe hannun, duk sanda ta kai shi baki in sa mata nono a maimakonsa. Daka ya tsaya, kaɗi ya tsaya, ko salla da ita a jikina nake yi. Na rame, idona ya faɗa. Ana cikin haka, wata safiya na buɗe ƙofa na ga wani abu a ajiye. Zunguru ne, dogon duman nan da mata ke zura hannu in sun ƙunsa lalle, an yanke shi gajere daidai hannun yaro. An kankare cikinsa sumul, an huda shi wuri-wuri don iska, an shimfiɗa auduga, an sa masa igiya mai laushi da za a rataya a kafaɗa. Na san shi. Na Inna ne, wanda ta zo da shi gidan aure, ko taɓa shi ba ta bari a yi. Na dubi ɗakinta, asabari a sake.

Zungurun nan ya cece ni. Yarinya ta kai shi baki, ta ji ba daɗi, ta buga mini shi a ka, ta haƙura. Amma yatsan ya ƙi nuna inda ya dosa. Kullum da safe in fito da shi haske in duba. Kumburin ya saɓe, duhun ya koma toka-toka, fata ta saɓule. Ranar da farcen ya fita ya biyo audugar, zama na yi daɓas, na ce shi ke nan, mutuwa yake yi gaɓa-gaɓa. Na riƙa kallon hannuwana ina tunanin yadda zan danne ɗiyata da su a gindin tsamiyar nan. Ana gobe kasuwa ban iya haɗiye ko ruwan fura ba.

Da gari ya waye na wanke shi da bagaruwa kamar kullum, na tsane. Na latsa kan yatsan da ɗan yatsana. Wurin ya yi fari, na saki, sai na ga ja yana komowa a hankali. Na sake latsawa, ya sake komowa. Ban yarda da idona ba.

"Inna! Inna, zo ki gani!"

Ta fito ba ko ɗankwali. Ta durƙusa, ta latsa da kanta, Rakiya ta janye hannu ta tsala kuka. Tsohuwar nan ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zane, kafaɗunta na girgiza. Wanzami ma da muka je, tsikara ɗaya ya yi wa yatsan, yarinya ta harba ƙafa, ya ce, "Ɗauki abinki ki tafi."

Sauran jinyar ta haƙuri ce. Sabuwar fatar ba ta da ƙwari, da ta ga yawu sai ta bushe ta nemi tsagewa. Wanki da ruwan ɗumi, tsanewa, man kaɗe, zunguru, haka muka yi ta yi har damina ta sauka ta manta da tsotson. Kazar Inna ta tafi, gero ya tafi, zaren da na kaɗa duk ranin nan ya tafi. Wanzami ina gode masa har kabarinsa don ya ajiye aska ya saurari yarinya ƙarama, ko da yake har yau ina jin haushin ƙarfen da ya sa a wuta tun bai nemi ruwa ba. Mai baƙin magani ba a sake ganinsa a Matameye ba. Gwaggo Tabawa kuwa har ta koma ga Allah ba ta daina ce mini Mai-kiran-suna ba. Da maigidana ya dawo, tun a zaure aka tare shi da labarin. Ya shigo ya ɗauki yarinyar, ya daɗe yana duba yatsan, ya ajiye ta a cinyata a gaban uwarsa, bai taɓa tayar da maganar ba.

Wata rana muna kaɗi ni da Inna, sai ta ce, ba ta ɗago ba, "Da kin faɗa tun farko."

Na ce, "Da kin ji, Inna?"

Ta murza mazarinta, ta daɗe, sannan ta ce, "A'a."

Rakiya ta girma. Yatsan ya ɗan karkace, farcen ya fito da gargada, amma tana daka da shi, tana kaɗi, ta kuma sha murɗe kunnen ƙannenta da shi. Da ta yi aure ta haifi ɗanta na fari, ta kawo mini shi ganin gida yana rarrafe. Mata sun cika tsakar gida. Ta dire shi a cinyata ta kau da kai, kamar yadda aka koya mata. Na zare yatsan da ke bakinsa, sai ga fata ta yi fari, ga 'yar tsaga ja a kan gaɓa. Na kamo hannunta na dama, na ɗora hannun yaron a kan karkataccen yatsan nan.

"Duba shi da idonki. Tun yaushe kika gani?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya kwana biyu, Inna."

"Wa kika gaya wa?"

Ta girgiza kai. Na tura mata kaskon man kaɗe, na ɗora mata ɗanta a cinya.

Na ce, "Wa sunansa?"

Ta dubi matan nan, ta dube ni, ta motsa leɓe.

Na ce, "Na tsufa, ban ji ba."

Sai ta ɗaga murya ta faɗa, yaron ya waiwayo yana dariya.